Ɗinkin Mairo a Tayar Malam Dabo

Duk wanda ya zauna Sabuwar Unguwa a cikin shekaru arba'in ɗin nan ya san Malam Dabo mai wanki, ko da bai taɓa ba shi riga ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke fitowa da hantsi a kan baƙin keke, ƙunshin kaya a kariyar bayan keken har ya kusa kai masa ƙeya, ya ɗaure ƙafar wando ta dama da igiya don kada kaca ta ci. Ba ya gudu, ba ya tsayawa hira. In ka gaishe shi sai ya ɗaga yatsu biyu daga kan keken ya ce, "Madalla," ya wuce.

Ba ɗan birni ba ne. A wani ƙauye gabas da Kaita aka haife shi. Ya shigo Katsina cin rani yana ɗan shekara ashirin, a shekarar da gero ya bushe a tsaye, da niyyar komawa in ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, shi bai koma ba. Ya yi dako a kasuwa, ya yi ga-ruwa, har wani kuku a unguwar manya ta GRA ya lura rigarsa guda ɗaya ce amma kullum fes take, ya tambaye shi ko zai iya yi wa mai gidansa wanki. A can ya koyi sa sitati, ya koyi hura gawayi a dutsen guga ba tare da toka ta sauka kan farar shadda ba. Daga gida ɗaya ya koma biyu, daga biyu ya kai bakwai. Masu gidajen suna canzawa, wannan a yi masa canjin wurin aiki, wancan ya yi ritaya, amma duk mai tashi sai ya bar wa mai shigowa saƙo cewa akwai wani Dabo, kada ya ba kowa rigunansa sai shi.

Keken, a hannun wani hedimasta ya saye shi, shekara guda kafin ya auri Mairo.

Ita Mairo 'yar cikin gari ce, ɗiyar wani baduku a Ƙofar Marusa. Mahaifinta bai taɓa zaunar da ita ya koya mata dukanci ba, don a gidansu maza ake koya wa. Ita dai takan kai masa fura rumfa, ta ƙi tashi da wuri, ta yi ta kallon hannunsa. Ranar da aka kai ta ɗakin Dabo, a ƙasan akwatinta akwai wani tsohon gwangwanin madara, cikinsa basilla biyu, da dunƙulen kakin zuma, da guntayen jemammiyar fata.

Wata biyu da auren, kwalba ta yanke masa tayar baya. Ya turo keken gida ransa a ɓace, ya cire tayar zai wurga ta bisa rufin kicin. Amarya ta ce ya miƙo ta gani. Ta juya ta ciki waje. Ta sa aka samo mata zaren da masu gyaran takalmi ke zarowa daga tsohuwar tayar mota, ta goga masa kaki har ya yi santsi. Ta huda, ta kama yankan da zare biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, yadda ake ɗinkin kube. Sannan ta yanko fata daidai tafin hannun jariri ta shimfiɗa ta ciki, don kada ƙullin zaren ya ci tiyub.

"Ke, taya kuma ake ɗinkewa kamar takalmi?" in ji Dabo.

"To mi ce ce in ba takalmin keke ba? Kai dai baƙauye, riƙe min nan."

Ya riƙe. Tayar ta ƙara yin damina guda cur.

Tun daga ranar aka raba aiki a gidan ba tare da an zauna an raba ba. In tiyub ya huje, na Babaji ne, mai faci a bakin titi. In taya ta yanke, ta Mairo ce. Kuma ba ɗinkin kaɗai ba, hukuncin ma nata ne. Dabo zai kawo tayar ya aza mata bisa gwiwa, ya zauna kan turmi yana jira. Ita za ta zagaya ta da yatsa, ta lanƙwasa, ta shaƙi warin robar. Ko dai ta ce a miƙo mata gwangwani, ko ta ture tayar gefe ta ce wannan ta mutu. Sai in ta faɗi haka yake zuwa kasuwa. Sun haifi 'ya'ya biyar, sun rufe ɗaya, sun aurar da huɗu, sun tashi daga haya sun gina ɗaki biyu nasu, amma Malam Dabo bai taɓa sayen taya da ra'ayin kansa ba. Abokansa na masallaci sun yi masa tsiya har sun gaji.

Bara bayan babbar Salla, Mairo na tankaɗe a tsakar gida, rariya ta suɓuce daga hannunta. Ta sunkuya za ta ɗauka, ta tafi gaba ɗaya. Hawan jini ne. Ta yi mako uku a asibiti. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo ko da tana ja, amma hannun dama ya kwanta bisa cinyarta kamar na wani. Likita ya ce wasu yakan dawo musu, wasu kuma a'a, ya ce ta riƙa matsa lemun tsami a tafin. Safara'u, ɗiyarsu ta biyu da ke aure a layin baya, ita ta karɓi girki da shara. Kullum in Dabo ya dawo, Mairo za ta ce, "Malam, zo ka ga, ɗan yatsan nan ya motsa." Shi kuma ya duƙa ya duba ya ce ya gani. Wani lokaci ya gani ɗin.

Ran wata Talata a farkon daminar bana, yana dawowa daga GRA da kayan datti, ya bi ta cikin wani ruwa da ya kwanta a gefen titi. Akwai guntun kwano a ƙasa. Ya ji fuuu, keken ya zauna. Da ya sauka ya duba, yankan na gefen tayar baya, tsawon ɗan yatsa, bakinsa a buɗe.

Ya tura har inuwar bishiyar bedi inda Babaji ke zama. Babaji sa'ansa ne, gajere mai baki, ya tsufa a gindin bishiyar nan tsakanin bahon ruwa da famfo da gwangwanin sholisho. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi mai jiki, aka tambayi ruwa. Babaji ya ɓare tayar ya leƙa.

"Tiyub ɗin ba komi, yanzu in lafta mishi faci. Amma tayar ga, ko ɗinki ko sabuwa."

"Na gani."

"In ɗinke maka?"

"Kai? Ɗinkin nan naka mai kama da bakin buhun gawayi?"

"To ga sabuwa can rataye. In sauko da ita?"

Dabo ya ɗaga kai ya dubi tayar da ke reshen bishiya, naɗe cikin leda. Ba kuɗin ne ya tsaya masa ba, suna cikin aljihunsa. Ya ce, "Bari in yi shawara."

"Shawara? Taya ce hwa, Dabo, ba auren ɗiya ba."

"Ka aje min shi nan."

Ya kwance ƙunshin daga kariya, ya aza a ka kamar zamanin da yake dako, ya kama hanya. Tafiyar ba ta da nisa, amma kafin ya kai gida ya auna abin ta kowace fuska. In ya kai wa Mairo tayar, za ta ce a miƙo gwangwani, ta nemi kama basilla a gabansa ta kasa, ita da ke lissafa motsin yatsa kullum. In kuma ya sayi sabuwa, ranar da ta gan ta a zaure za ta san ya yanke hukunci ba ita, ta san ya fid da rai da hannun. Ko wanne ya ɗauka, ita zai soka. Da ya yi sallama ta tambayi keke, ya ji bakinsa ya ce kaca ce ta tsinke, Babaji na gyarawa.

Kwana tara ya yi a haka. Kayan datti yakan ɗauko a ka. Gogaggu kuwa ba ya yarda su karye, sai ya tari Napep ya rungume su bisa cinya, yana faɗa da direba a kan kowane rami. Gwiwoyinsa suka fara ƙara. A wani gida uwargida ta ce ya makara, karo na farko tun da ta san shi.

Abin da ya fi damunsa ba tafiyar ba ce. Da la'asar in ya zauna bakin teburin guga yana jiran gawayi ya kama, sai idonsa ya tafi inda Mairo ke zaune bisa tabarma da lemun tsaminta. A nan wurin take zama da taya. Takan ɗan fito da harshe in za ta huda roba mai tauri. Takan ja zaren da haƙori, ta tofar da kakin, ta ci gaba da ba shi labarin wanda bai tambaya ba: wace ce ta haihu, wace ce ta yi yaji, nawa ake sayar da barkono. Yanzu ma ga ta nan, taku huɗu tsakaninsu, amma kewarta yake ji kamar ta yi tafiya.

"Malam," ta ce ran kwana na shida, "shi Babaji ƙera kacar shike yi?"

"Ba a samu irinta ba."

"Uhm," in ji Mairo. Ta ci gaba da matsa lemunta.

Ran kwana na takwas dabara ta zo masa. Ai ya ga ɗinkin nan ya fi sau ɗari. In ya yi shi da kansa, da zarenta da fatarta, keke zai dawo gida da tsohuwar taya, ba wanda zai yi magana. Ya tari Safara'u a zaure ya rage murya, ya ce ta ɗauko masa gwangwanin innarta daga ƙarƙashin gado.

"Baba, in ta tambaya hwa?"

"Ba ta tambaya."

"Inna ce hwa."

"Ke dai ɗauko."

Ya zauna a benci gindin bedi, Babaji na gefe yana kallo yana taunar goro. Ya goga kaki, wannan ya iya. Ya juya tayar. Da ya ɗaga basilla sai ya tsaya. Daga ina take farawa? Nesa da bakin yankan ko kusa? Zaren farko ta ciki yake bi ko ta waje? Ya rufe ido ya nemo hoton, bai samu hannun ba. Fuskarta kawai yake gani, da ɗan harshen nan, da ɗankwalin da ya zame baya. Shekara arba'in yana riƙe mata taya, ashe ba ɗinkin yake kallo ba.

Ya huda dab da bakin yankan. Ya ja zaren da ƙarfin mai matse zannuwan gado. Huji uku suka haɗe suka zama ɗaya, yankan ya ƙaru da rabin yatsa, basillar ta wuce ta shige masa babban yatsa.

"Sannu baduku," in ji Babaji. "Da buhun gawayin ka bari aka yi maka."

Dabo ya tsotse jinin, ya tattara kayan ya mayar cikin gwangwani. Babaji ya dube shi, ya daina dariya, ya ce a hankali, "Kai mata, Dabo. Wadda ta san warin roba, kana jin ba ta san warin ƙarya ba?"

Ko da ya isa gida, bai kai ga miƙa wa Safara'u gwangwanin ba, Mairo ta kira shi daga tabarma. Ta kama hannunsa da na hagunta ta juya, ta dubi hujin, ta kai yatsun hancinta.

"Kaki," ta ce. "Kacar ce aka ɗinke?"

Ya nemi janye hannun, ta riƙe.

"Gaba ko baya?"

"Baya."

"Gobe ka kawo min ita."

Washegari bayan la'asar ya shigo da tayar rataye a kafaɗa. An yi ruwa da rana, tsakar gida na ƙamshin ƙasa. Ya aza mata bisa gwiwa, ya jawo turmi ya zauna. Safara'u ta tsaya bakin kicin da ludayi a hannu.

Mairo ta fara zagayawa da hannun hagu. Tayar ta shekara biyu, ɗinkinta uku ne a jiki. Ta tsaya kan na farko. "Wanga na ƙusar bakin makarantar boko ne." Ta matsa. "Wanga ranar da ka kai kayan angon nan, ka dawo kana ta masifa." Na ukun ta daɗe tana shafa shi. Shi ta yi ana saura kwana goma ta faɗi. Sannan yatsanta ya faɗa cikin sabon yankan, ya taɓo zaren da ke reto.

"Wa ya yi wanga aika-aika?"

"Ni ne."

"Dab da baki ka huda. Ai sai ka ba roba wurin da za ta riƙe. Kai duk zaman da kake yi nan mi kake kallo?"

Ya dubi fuskarta, ya kau da kai.

"Miƙo gwangwanin."

Ya miƙa. Ta buɗe murfin da haƙori, ta zaro babbar basillar. Ta ɗago hannun dama da na hagu ta aza bisa tayar, ta saka basillar tsakanin babban yatsa da manuni, ta matse su a kai. Ta saki. Yatsun suka tsaya kamar za su riƙe. Sannan suka buɗe a hankali, basillar ta gangara ta faɗi kan siminti. Safara'u ta juya ta shige kicin. Mairo ta ɗauka ta sake gwadawa. Ta sake faɗuwa, wannan karon ta mirgina har ƙafar turmi. Dabo ya ɗauka, ya rasa ko ya miƙa mata ko ya riƙe, sai ya riƙe.

Mairo ta mayar da hannun bisa cinya, ta gyara masa zama kamar yadda ake gyara wa jariri. Ta kama tayar da hagu ta lanƙwasa gefen da ya yanke, ta kai kusa da ido.

"Ka ga tsagar ga ƙanana? Robar ta ƙone. Ko da hannuna biyu ne, ba ta riƙe zare." Ta ture ta daga gwiwarta. "Ka tahi kasuwa."

Dabo ya dubi tayar a ƙasa. Akwai tsagar, gaskiya ne. Amma ya taɓa ganin ta ɗinke wadda ta fi wannan lalacewa, har ta yi wata huɗu. Ko robar ce ta ƙone, ko kuwa sauƙi ta nema musu su biyu, bai sani ba, har yau kuma bai tambaya ba. Ya ce, "To."

Da safe ya tafi Babbar Kasuwa. Bai sayi ta reshen bedi ba, ya ce rana ta gama dafa ta. Ya zaga rumfa huɗu yana lanƙwasa tayoyi yana shaƙa, ba don ya san abin da yake nema ba, har wani mai shago ya tambaye shi ko turare ya zo saye. Ya zaɓi ɗaya. Babaji ya saka, ya buga iska, ya murza ƙafar ta yi ta juyawa.

Da ya hau sai ya ji wani abu ya ɓace. Ya yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya gane ko mene ne. Ashe duk shekarun nan, duk juyin da ƙafar baya za ta yi, ɗinkin yakan ɗan taɓa shi ta cikin sirdi, tif, tif, tif, tun daga gida har GRA. Bai taɓa lura ba. Yanzu keken sulɓi yake yi kamar na aro. Ya rage gudu, ya bi ta doguwar hanya.

Yana jingine shi a zaure ya ji muryarta.

"Shigo da shi ciki."

Ya turo shi har bakin tabarma. Safara'u ta tafi gidanta ɗora sanwa, su biyu ne a gidan. Mairo ta miƙa hannun hagu ta danna sabuwar tayar da farce, ta shafa zanenta, ta ja gashin robar da ke gefe.

"Yaya take?"

"Shiru gare ta."

"Irin ta yanzu ce, ba ta da nama. Yadda kake bin kwalabe kamar kai ka aje su, in ta daɗe ta kai wata takwas." Ta yi lissafi da leɓe. "Wata takwas. Zauna nan."

Ya nufi turmi.

"Ba can ba. Nan."

Ya zauna bakin tabarma, abin da bai saba yi da rana ba. Ta ɗauko hannun dama da na hagu ta aza cikin tafinsa. Ya ji shi da sanyi, ba nauyi, kanta-kantan da basilla ta bari a yatsun duk sun goge.

"Lemun nan ba ya yi min komi," ta ce. "Kai da ka shekara arba'in kana danna dutsen guga, murza min. Da ƙarfi, ba shadda ba ce."

Malam Dabo ya waiga ya dubi ƙofar zaure, ya ga ba kowa. Ya fara da babban yatsa.